Ɗan Wance

Rawajih, farkon watan Rajab

Zuwa ga Nashwa, 'yar ƙanena marigayi Abdur-Radi, a Alƙahira.

Bayan sallama, ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Mu nan lafiya sai godiyar Allah, in ban da gwiwata ta hagu da ba ta shiri da sanyi. Rake ya yi kyau bana. Matata Uwar Sabir tana gaishe ki, ko da yake na ce mata ba wasiƙar gaisuwa ba ce.

Kin san ban taɓa zaman aji ba. Ustaz Bishara, wanda ya bar aikin gidan waya, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana, kuma na gargaɗe shi kada ya sa wa maganata zuma. Ban neme ki ta wayar shagon Fahmi ba, domin wayar nan kunnuwanta sun fi na kasuwa yawa.

Ranar Laraba na je shan shayi bakin gada kamar kullum. Ban ko gama sallama ba sai Halaf wanzami ya ɗago kai daga kan dara ya ce, “Ku matsa, ku ba ɗan wance wuri.” Ba wance ya ce ba. Sunan ya faɗa, sunan mahaifiyata, da bakinsa mai warin taba, a gaban maza, har da yaran da na halarci raɗin sunan ubanninsu. Rabon da wani ya kira ni haka tun muna kiwon awaki a bakin magudana, kuma ran nan ma Halaf ɗin ne, haƙorinsa na gaba da babu shi ne shaida. Na ɗaga sanda. Sai ya zaro littafi daga aljihun rigarsa, ya ce in doki wannan in na isa. Surukinsa malamin makaranta ne ya sayo a tashar jirgin ƙasa ta Ƙina. Aka buɗe shafin farko aka karanta mini: sadaukarwa ga kakata, wance 'yar wane, ta ƙauyen Rawajih. A bangon kuma sunanki, da na ƙanena, da na ubana.

Nashwa, na so ƙasa ta tsage in shige. Ban sha shayin ba, na biya na tashi.

Ke ba baƙuwa ba ce, a ɗakin nan aka yanke miki cibiya. Kin san sunan uwar mutum ba abin fita waje ba ne. Mace tana da sunanta a ɗakin ubanta, in ta haihu ta zama uwar wane, shi ke nan an rufa mata asiri. Ni da ubanki mun sha duka, mun kuma daki wasu, don kada sunan nan ya zama abin wasa a bakin 'yan iska. Ke kuma kin buga shi da injin, kin baza a tashar jirgi kusa da masu sayar da gyaɗa.

Tun da can ma ban yarda da tafiyarki jami'a ba, na faɗa wa ubanki, ya ce in bar shi da 'yarsa. Da ya rasu ba ki yi mana ko kwana arba'in ba kika koma. Kuɗin gyaran rufin ɗakinsa ni na biya, ban ce komai ba. Wannan kam ba zan haɗiye ba. Na rantse da Allah a gaban Uwar Sabir da Sabir, ƙafarki ba za ta taka gidan nan ba muddin sunan nan yana cikin littafin. Ki sa a kankare shi. Kuma in za ki ba ni amsa kada ki rubuta shi, domin Ustaz ne zai karanta mini da baki.

Baffanki,
Haridi Jadul-Karim

*

Alƙahira, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Baffana, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Uwar Sabir da yaya Sabir da iyalinsa. Na aiko da man shafawa na gwiwa ta hannun direban motar Ƙina, a riƙa ɗumama shi kafin a shafa. Ka yafe jinkirin amsa. Na fara rubutawa sau da dama ina yagewa.

Baffa, wallahi ban yi don a ci mutuncinka ba. Da na san Halaf zai mai da shi makami, da na yi tunani sau biyu. Amma bari in gaya maka yadda aka yi. Tun ina ƙarama nake tambayar Baba wace ce kakata, me take so, yaya muryarta. Amsarsa ɗaya ce har ya koma ga Allah: “Allah ya jiƙanta.” Babu hotonta. Kabarinta babu rubutu. Sunan ma sai bayan rasuwarsa na gani a takardar haihuwarsa da ya shiga makaranta da ita. Na zauna ina kallonsa kamar an nuna mini fuskarta. Sai na ce matar da ta haifi maza, ta rene su, ta mutu ba wanda ya bar mata ko labari ɗaya, lalle ta yi rayuwar shiru. Daga nan littafin ya fito.

Matar da ke cikin labarin ba kakata ba ce kai tsaye, sunanta ma daban. Matan garuruwanmu ne duka na tara a jikin mace ɗaya. Shafin farko kaɗai ne nata.

Wanda aka riga aka buga ba ya kankaruwa, ya shiga hannun mutane. Amma masu bugawa za su sake fitar da shi bayan Babbar Salla. Ina roƙonka abu ɗaya kafin ka yanke hukunci: ka sa a karanta maka shi. Kada ka tsine wa abin da ba ka ji ba.

'Yarka,
Nashwa

*

Rawajih, cikin azumi

Zuwa ga Nashwa.

Sallama, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Man ya iso, yana da wari amma yana aiki. An fara saran rake, Sabir ba ya zama.

Kin ce duka matan garuruwanmu ne a ciki. Wato bai ishe ki ki tona gida ɗaya ba, sai kin haɗa da lardi. Ustaz ya ce ba haka kike nufi ba, na ce ni haka na ji.

Duk da haka na yi abin da kika roƙa, don kada a ce tsoho ya yanke hukunci a makance. Na aika Sabir ya sayo a ɓoye. Kullum bayan la'asar Ustaz ya zo, mu rufe ƙofar zaure, yana karantawa ina sauraro da bakin azumi, shi ma ko ruwa ba ya sha a gabana, mutumin kirki ne ko da coci yake zuwa. Jiya muka ƙare. Yanzu ki saurara.

Wace ce wannan matar? Tun daga farko har ƙarshe tana zaune a bakin taga tana kallon kogi tana hawaye. Nashwa, gidanmu ba shi da taga. Rami ne can sama kusa da rufi don hayaƙi ya fita, sai in kan jaki za ta hau ta leƙa. Kuma daga gidanmu ba a hango kogi, sai bayan gidan su Halaf da kejin tattabarunsa. Mijinta ya doke ta, ta yi shiru. Uwar miji ta zage ta, ta yi shiru. An sayar da gonarta, ta koma taga. Na ce wa Ustaz ya tsallake zuwa inda za ta tashi, ya ce ba ta tashi. Ya ce 'yarsa tana tara irin littattafan nan da mata ke rubutawa yanzu, daga Bairut har Maroko, wasu matan cikinsu suna gudu, wasu suna faɗa, amma bakin tagar nan ba ya rasa mai zama. Na ce to ku da kuka yi karatu, abin da kuka gano game da uwayenku ke nan, kuka?

Yanzu duk Rawajih an ɗauka ubana mai dukan mace ne. Ubana! Jadul-Karim mai tuluna, wanda yake loda tulunan Ƙina a jirgin ruwa ya yi wata da watanni yana tallarsu a arewa, ya dawo da alewa a aljihu. Mutumin da in zai yi tari a gida sai ya duba ko tana barci.

Tunda kin tilasta ni, ga kakarki. Doguwa ce, kafaɗunta sun fi nawa, in ta yi dariya ana ji daga masallaci. Ita ke riƙe da gona in ubanmu ya tafi. Wata shekara ranar rabon ruwanmu, yaron dagaci, wani ƙato mai suna Abul-Wafa, ya toshe bakin magudanarmu ya juya ruwan gonar maigidansa. Masara tana ƙonewa. Baffanninmu suka ce a yi haƙuri, dagaci ne. Ita ko ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ɗauki fartanya, rana tsaka, ina biye da ita ina kuka. Ta ce masa ya buɗe. Ya ce ba ya magana da mata, ta turo namiji. Ta ce, “Namijin yana kan ruwa, bari in aika ka wurinsa.” Ta kama shi ta wuyan riga da ƙafa ta jefa cikin magudana. Ta fasa toshiyar, ta zauna a wurin ta miƙe ƙafa har gonar ta ƙoshi. Da ta ji mura ta kama shi, washegari ta gasa gurasa ta dafa miyar lalo ta aika wa matarsa.

Kin ga abin da ubanki ya kasa gaya miki. Me zai ce? Daga ran nan aka sa wa gidanmu suna gidan da kaza ke cara. In yara suka kira mu da sunanta ba zagi ɗaya ba ne, biyu ne. Mun girma muna rufe wannan kamar yadda ake rufe kuturta. Yanzu ga ni a tsaka mai wuya. In na yi shiru, ubana azzalumi ne. In na buɗe baki na wanke shi, sai in tuna wa gari cewa matarsa ce namijin gidan. Halaf ya san gaskiya sarai, yana wurin ran nan, amma kullum sai ya tambaye ni wai tagar tana nan ko mun toshe.

Wani abu kuma, ban so faɗa ba, Ustaz ya ce in an fara gaskiya a ƙarasa. Ashe duk karatun nan Uwar Sabir tana bayan ƙofa da tiren shinkafa tana tsinta. Da muka gama na same ta ido jawur. Na ce wannan ƙarya ce take sa ki kuka, ke da kika zauna da tsohuwar? Ta ce ba surukarta ba ce, ko kusa, amma ta san matar. Na ce wace ce? Ta ɗauki tirenta ta tafi wajen kaji. Ni ma ban sake tambaya ba.

Rantsuwata tana nan.

Haridi

*

Alƙahira, kwana uku bayan Ƙaramar Salla

Baffa,

Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina gaida kowa, musamman Uwar Sabir.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yi dariya wajen Abul-Wafa har yara suka leƙo, daga baya kuma kunya ta rufe ni. An gayyace ni taro a nan, mata marubuta da malaman jami'a, aka yabe ni wai na ba wa marar murya murya. Ashe muryarta har masallaci ake ji, ni ce na toshe mata baki na zaunar da ita a tagar da babu. Na ga shirun da kuka yi, na ɗauka nata ne.

Ba zan ce matar littafin ƙarya ba ce. Akwai ta, kuma kai ma yanzu ka san akwai ta. Amma ba ita ce mai sunan ba, kuma ban da ikon liƙa mata shi. Saboda haka na yarda. Ba don sunanta abin kunya ba ne, wannan har gobe ban yarda ba, sai don littafin bai kai ya ɗauke shi ba. Masu bugawa suna jiran maganata kafin ƙarshen Zulƙida. Kai ne babba, kai ka san ta. Ka aiko da kalma ɗaya, a cire, in sa a cire.

Ina so in zo Babbar Salla in ziyarci kabarin Baba da nata. Ban san ma wanne ne nata ba.

'Yarka,
Nashwa

*

Alƙahira, tsakiyar Zulƙida

Baffa, lafiya? Wata guda ya wuce ban ji daga gare ka ba. Na kira shagon Fahmi ya ce kana nan, amma ba ka fita shan shayi. In shirun nan shi ne amsar, na fahimta, zan ce musu a cire. In kuma ciwo ne, don Allah a gaya mini.

Nashwa

*

Rawajih, ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga 'yata Nashwa.

Sallama. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai. An gama saran rake. Wasiƙunki biyu sun iso, shirun ba amsa ba ne, ke da saurin fassara shirun mutane, ai na ɗauka kin daddara.

Halaf ya rasu. Yana cikin yi wa wani aski ya ce kansa na juyawa, kafin a kawo mota ya cika. Allah ya jiƙansa. Ina da amsarki a baki ran nan, a cire, har na aika a kira Ustaz, sai aka yi shelar jana'iza.

Muka kai shi. Aka sa shi, aka rufe, Shehu Abdul-Basiɗ ya durƙusa wajen kai zai yi masa talƙini. Ke ba ki taɓa tsayawa a wurin ba, mata ba sa zuwa, to bari ki ji. In an gama binnewa malami yakan kira mamaci ya tuna masa abin da zai amsa wa mala'iku, Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Kuma ba da sunan uba ake kiransa ba. Da na uwa ne. Wane ɗan wance. Na tsaya a jana'iza ta fi a ƙirga, ana raɗa wa malami a kunne, shi ma ya faɗa ƙasa-ƙasa, ban taɓa sa abin a raina ba.

Shehu ya juya ga babban ɗan Halaf ya tambaye shi a hankali. Yaron ya dubi ƙanensa, ƙanen ya dubi ƙasa. Tsohuwar ta rasu tun ba a haife su ba, Halaf kuma irina ne da aka haifa ba takarda, 'yan'uwansa mata duk sun riga shi. Shehu ya ɗaga murya ya ce ko akwai wanda ya sani a cikin dattawa.

Nashwa, na sani. Duk maƙabartar nan ni kaɗai na sani. Na sato shi tun muna yara daga bakin wata mai tallar ƙwai, na jefe shi da shi ran da na fasa masa haƙori, kuma watannin nan da yake mini tsiya kullum yana kan harshena, ina ajiye da shi sai ranar da zai fi ciwo. Sai ga ranar da yake buƙatarsa. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Sunan nan bai taɓa bi ta maƙogwarona ba sai a matsayin zagi. Na ga kamar in na faɗa a gaban mazan nan za a ce Haridi ya rama a kan kabari. Ina cikin wannan Shehu ya gaji da jira, ya ce, “Ya Halaf ɗan Hauwa'u,” yadda ake yi wa tsintacce da baƙon da ruwa ya kawo. Mutumin da aka haifa a gidan da ke jikin namu.

Shi ya sa ban fita ba. Ba wanda ya san na sani, amma ban iya kallon kujerarsa ba. Na tambayi Shehu daga baya, ya ce ba komai, Allah ya san bayinsa, wasu malamai ma ba sa yin talƙinin sam. Wannan maganar malamai ce. Ni dai na san abokin faɗana ya kwanta ana kiransa da sunan da ba zai waiwaya ba.

Ran Juma'ar da ta wuce bayan hantsi na ja ƙafa na je kabarinsa ni kaɗai. Na durƙusa da wannan gwiwar, na kira shi yadda ya kamata, shi da uwarsa, na ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ga taka, tashi ka rama. Daga can na bi gidansu na kira babban ɗan gefe na ba shi sunan kakarsa, na ce ya riƙe. Ba zan sa a nan ba, ba nawa ba ne.

A hanya na tsaya gona na tambayi Sabir, in da ni ne aka sa a ramin nan bara, kafin littafin 'yar baffanka, me za ka raɗa wa Shehu? Ya yi ta murza rawani. Ɗana na cikina, mai 'ya'ya biyar.

Kada ki ɗauka na ce kin yi daidai. Ba ki yi shawara ba, kuma littafinki har yanzu ƙarya ne a kan ubana. Ga hukuncina. Kada a cire. Amma ki sa su ƙara a ƙarƙashinsa cewa ba ita ce ta bakin taga ba, kuma mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko ya so ma bai isa ba. Sauran labarin, na magudana da wasu da ban gaya miki ba, sai kin zo. Ki taho da alƙalami mai kyau. Uwar Sabir ma ta ce tana da magana da ke, wai ba a gabana ba.

Rantsuwa kuma na tambaya, an ce in ciyar da miskinai goma. Na auna alkamar jiya, a kanki take, ki sani. Ki zo Babbar Salla da yaran. Kabarin kakarki yana ƙarƙashin itacen magarya, zan nuna miki.

Ustaz ya kai ƙarshen takarda ya ce zai sa sunana kamar kullum. Na ce a'a, rubuta abin da zan faɗa. Ya ce ai ya san sunan, ba sai na wahalar da kaina ba. Na ce ban tambaye ka abin da ka sani ba, buɗe ƙofar zauren, ka rubuta daga bakina.

Baffanki,
Haridi ɗan Ratiba